Ƙafar Gaban Keken Surukina

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfin albashina, na jingine babur ɗina a zaure na rufe shi da tsohuwar tabarma. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar, inda muke zaune, da Ɗanzomo, garin su matata. Mako biyu na yi ina zuwa makaranta a ƙafa. Hanyar rairayi ce, kafin in isa gumi ya jiƙa mini riga, in na dawo kuma sai in zube a tsakar gida, ko magana ba na son yi.

Ban kai wa kowa kuka ba, amma labari ya isa kunnen surukina. Wata Juma'a da muka je gaishe shi, bayan na durƙusa mun gaisa, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Jim kaɗan ya fito yana turo kekensa.

Baƙin keke ne irin na dā, mai birkin ƙarfe da faffaɗan sirdi. Ya saye shi tun kafin a haifi matata, lokacin yana aikin duba rijiyoyi a ƙauyukan yankin. Ba a zaure yake kwana ba, a ɗakinsa yake ajiye shi, kuma kowace Juma'a da safe sai ya goge shi da tsumma ya ɗiga wa sarƙar mai. 'Ya'yansa maza ma ba sa hawansa. Duk wanda ya ga keken a jingine a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwa ya san mai shi yana kusa.

Ya ce, "Malam, gwiwa ta hana ni hawa kwanan nan. Ka riƙa zuwa makaranta da shi, ya fi ya zauna yana tsatsa."

Na ce, "Baba, ai da kun bar shi, tafiyar ba ta da yawa."

Ya kama hannuna ya ɗora a kan keken, ya koma ya zauna. Babu yadda za a yi in mayar wa suruki alherinsa, don haka na yi godiya na turo shi gida. Ban hau ba sai da na fita daga layinsu.

Wata guda na yi ina hawa lafiya lau. Sai ya aiko cewa in kawo masa shi ranar Alhamis ta makon gaba, domin akwai ɗaurin auren jikar amininsa a wani ƙauye ranar Juma'a, kuma gwiwar ta yi sauƙi. Kwana biyu da wannan saƙo, ranar Laraba, abin ya faru.

Kaka ce, ana ta kwaso amfanin gona. Ina dawowa daga makaranta sai wani dattijo da ɗansa ke ajina ya kira ni daga cikin gonarsa, yana so in karanta masa wata takarda da aka ba shi a asibiti. Na nemi in kafe keken, amma rairayi ya ƙi riƙe shi, sai na kwantar da shi a gefen hanya na shiga gonar. A ganina gefe ne. Ashe daidai inda amalanke ke kaucewa rami na ajiye shi. Ina cikin karanta takardar na ji wata ƙara kamar an taka gwangwani. Na waiwaya na ga amalanken shanu, an yi mata lodin harawa har mai korar ba ya iya ganin gefensa, ta bi ta kan ƙafar gaban keken ta wuce.

Da na ɗaga keken, ƙafar ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Wayoyin cikinta wasu sun tsinke, wasu sun yi cirko-cirko. Mai amalanken ya tsayar da shanunsa ya zo yana ta ba ni haƙuri. Na ce masa ba laifinsa ba ne, kuma gaskiya na faɗa. Abin da na roƙe shi kawai shi ne ya kai mini keken gida. Muka ɗora shi a sama, na ja harawa na lulluɓe shi don kada wani ya gani, na bi amalanken a baya a ƙafa har Sule Tankarkar.

Matata ta daɗe tana kallon ƙafar. Can ta ce, "Kai dai ba ka ji ciwo ba?"

Na ce, "Da ni ta taka da ya fi mini sauƙi."

Ta ce, "Ka daina faɗin haka. Ka kai wa mai gyara."

Mai gyaran keken garinmu mutum ne da ya san aikinsa, sai dai abokin hirar surukina ne. Kowace ranar kasuwa a rumfarsa tsohon yake zama. In na kai masa da safe, kafin azahar labari ya isa Ɗanzomo. Don haka ranar Asabar na kwance ƙafar, na saka ta a buhu, na shiga mota zuwa Gumel.

Ban yi tunanin cewa tsadar man da ta same ni ta sami kowa ba. Duk wanda ke da tsohon keke a bayan rumbu ya fito da shi a shekarar. Mai gyara na farko da na samu ko buɗe buhun bai yi ba, ya nuna mini tarin kekunan da ke jiransa. Na biyu wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, yana aiki a gindin darbejiya kusa da kasuwa. Shi ya karɓi ƙafar ya juya ta a hannunsa. Ya ce garen ƙarfen da taya ke zama a kai, wato rim, ya mutu, ba ya miƙuwa. Amma cibiyar, inda boris yake, lafiyarta ƙalau, kuma irinta ba a samu yanzu. Sai an sayi sabon rim da sabbin wayoyi, waɗanda su suke kira sifok, a sake ɗaure ƙafar daga farko.

Na ce, "Yaushe zan dawo in karɓa?"

Ya ce, "Nan da kwana goma, in Allah ya yarda. Shi ma don ka zo daga nesa ne."

Na faɗa masa kwana biyar gare ni, na kuma faɗa masa keken wane ne a wurina. Ya yi murmushi ya ce shi ma yana da suruki. Ya tambaye ni sana'ata, na ce malamin makaranta ne.

Ya ce, "To, Malam, wanda ke koya wa yara lissafi zai iya wannan. Ƙirga ne da haƙuri. Zauna ka gani."

Ya zare waya ɗaya mai lafiya daga tsohuwar ƙafar don a gwada tsawo, ya aika ni wani shago na sayo rim da wayoyi talatin da shida, da 'yan notocin da ake ɗaure su da su, ya ce in ƙara huɗu saboda tsaro. Da na dawo ya share ƙasa da tafin hannunsa ya zana mini da tsinke. Ya ce tara-tara ake saka su, sau huɗu. Ya ce kada in ɗaure ko ɗaya tamau sai duk sun shiga. Ya ce in ƙafa ta karkata dama, wayar hagu ake ja, kuma kaɗan-kaɗan. Ya faɗi wasu abubuwan da yawa, ina ta gyaɗa kai kamar yadda ɗalibaina ke yi mini in ba su gane ba. A ƙarshe ya ba ni aron wani ɗan ƙarfe mai tsaga wanda ake murɗa notin da shi, ya ce in dawo masa da shi duk ranar da na shigo gari.

Kuskurena na farko na yi shi ne tun kafin in cire hula. Ina isa gida na ɗauko filaya na datse duk tsofaffin wayoyin don in fitar da cibiyar. Sai da na gama, cibiya na hannuna tsirara, na tuna ban tsaya na duba yadda aka jera su ba. Zanen mai gyara kuwa yana can a ƙasar Gumel, ƙila ma an taka shi.

Ranar Lahadi bayan na karya kumallo na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki na fara. Taran farko suka shiga ba wuya. Na juya ƙafar na saka tara na biyu. Daga na uku ne abin ya rikice. Wasu wayoyin suka ƙi kaiwa raminsu ko da na ja da ƙarfi, wasu kuma suka zarce har suna leƙowa ta bayan rim kamar ƙaya. Na ɗauka mai shago ne ya haɗa mini da gajeru da dogaye. Na zare su duka na jera a ƙasa na gwada, tsawonsu ɗaya. Na sake sakawa, aka sake maimaita abin da aka yi. Har azahar ina nan, yatsuna sun yi ja, kaina ya ɗau zafi.

Matata tana gefe tana tsintar wake. Ita mai kitso ce, matan unguwa a wurinta suke yi, tana kuma saƙa faifai in ta sami sarari. Da na tafi masallaci na dawo sai na tarar ta tsuguna a gaban keken, wanda na kifa a kan sirdinsa, tana bin wayoyin ƙafar baya da yatsa.

Ta ce, "Malam, ai ga ta bayan nan ba abin da ya same ta. Me ya sa ba ka kwaikwaye ta ba?"

Ni kuwa ban yi wannan tunanin ba.

Ta ce, "Zo ka gani. Kowace waya in ta fito daga cibiya sai ta haye biyu, ta bi ta ƙarƙashin ta uku, sannan ta shiga raminta. Kamar kitso ne. Kuma duba ramukan, ba a layi ɗaya suke ba. Wannan ya ɗan matsa dama, na kusa da shi ya matsa hagu. Kai kuma kana saka ta dama a ramin hagu."

Na ɗauko sabon rim ɗin na duba, haka yake. Tun safe yake hannuna ban lura ba. Ta karɓi alli daga jakata ta bi tana yin alama a kowane rami na huɗu, ta riƙe mini rim ɗin a cinyarta, ni ina zurawa ita tana ƙirgawa. Da muka saka sha takwas ta ce in murza cibiyar yadda wayoyin za su kwanta gefe guda kamar na ƙafar baya. Ina murzawa na ga abin ya zauna. Sauran sha takwas ɗin suka shiga ramukansu kamar sun san hanya, kowace ta tsaya daidai da 'yar'uwarta.

Na ɗaga ƙafar ina jin daɗi, sai na ga ramin bawul, inda ake sa famfo, ya faɗo daidai inda wayoyi biyu suka gicciye. Famfo ba zai shiga ba. Sai a lokacin na tuna mai gyara ya ja mini kunne a kan haka. Muka kalli juna, ta yi dariya, muka kwance duka muka matsar da rami biyu. Wannan karon bai ɗauke mu rabin lokacin farko ba.

Na zaci an gama mai wuyar. Ranar Litinin da na dawo daga makaranta, a ƙafa kamar dā, na ɗora ƙafar a mazauninta a jikin keken na fara ɗaurewa. Ina sauri, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina murɗa kowace har sai ta yi tauri kafin in wuce ta gaba. Da na zagayo na juya ƙafar, sai ta riƙa rawa tana dukan ƙarfe dama da hagu, tana kuma yin sama da ƙasa kamar ƙwai. Na ce bari in gyara da ƙarfi. Na kama wata waya na yi ta murɗawa har notin ya lalace, ɗan ƙarfen ya daina kama shi. Sai da na datse ta na saka ɗaya daga cikin huɗun da aka ce in ƙara.

A ranar ne kaɗai na fid da rai. Na zauna na jingina da bango ina tsara yadda zan faɗa wa tsohon. Duk jimlar da na haɗa sai in ji ba za ta fita daga bakina ba.

Ranar Talata na sassauta su duka na koma farko. Na fara daga ramin bawul don kada in ɓata, ina ba kowane noti juyi ɗaya in wuce, in zagayo in sake. Na daina kallon agogo. Da suka fara tauri sai na riƙe alli a jikin ƙarfen keken dab da rim, na juya ƙafar a hankali. Duk inda ta karkato sai allin ya shafe ta. In je wurin farin, in ɗan ja wayar ɗaya gefen rubu'in juyi, in ɗan saki ta wannan gefen, in goge allin in sake juyawa. Farin ya riƙa gajarcewa. Da farko ya kai tsawon hannu, ya koma taƙi, ya koma kamar ɗan yatsa. Na gano kuma in na ƙyasta waya da farce tana yin sauti, mai tauri ta yi siririyar ƙara, mai sako-sako ta yi kauri. Na bi su ina saurara, matata na cewa na koma mai gurmi.

Gab da magariba na juya ƙafar, alli bai taɓa ko'ina ba. Na matso da shi, ya shafi rim ɗin ko'ina daidai. Na bar ta tana juyawa ina kallo har ta tsaya da kanta. Rabona da in ji numfashina ya sauka har ciki tun ranar da amalanke ta wuce.

Laraba na mayar da taya na buga iska, sai na ji tana fita. Kan wata waya da ya ɗan leƙo ne ya huda tif ɗin, domin na manta ban naɗe cikin rim da roba ba. Wannan bai tayar mini da hankali ba, faci dai na iya tun ina yaro. Na goge kan wayar da zarto, na yanko tsohon tif na naɗe cikin, na yi faci na mayar. Da na hau don gwaji, taku uku na farko sai wayoyin suka riƙa ƙyas-ƙyas, na yi maza na sauka. Na duba ban ga komai ba. Na sake hawa, ƙarar ta ɗauke. Zama suke yi a mazauninsu. Na zagaya har bayan gari na dawo, na sake gwadawa da alli, wuri ɗaya ne kawai ya nemi a ɗan taɓa shi.

Saura abu guda. Sabon rim ɗin yana ƙyalli kamar kwanon amarya, na baya kuwa ya dushe. Na ce wa matata ina ganin in na shafa masa toka da baƙin mai zai yi kama da tsoho.

Ta ce, "Baba zai gane ko da a cikin duhu ne. In ka shafa, ka haɗa ɓarna da ƙarya ke nan. Ka faɗa masa kawai."

Ranar Alhamis bayan la'asar na hau na nufi Ɗanzomo. Na tarar da shi a ƙofar gida a kan buzu. Na sauka tun daga nesa na turo keken, na cire takalmi na durƙusa. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai, idona a ƙasa: inda na kwantar da shi, da amalanke, da zuwa Gumel. Bai katse ni ba. Da na gama ya miƙe ya kama keken, ya ɗaga gaban da hannu ɗaya, ya juya ƙafar, ya sunkuya yana kallon tsakaninta da birki. Ya bar ta ta yi ta juyawa. Ya matsa wayoyin bibbiyu da yatsunsa.

Ya ce, "Wa ya ɗaure ta?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Kai kaɗai?"

Na ce, "Da 'yarku. Ita ta gano yadda ake jera su."

Ya gyaɗa kai. Ya tattare rigarsa ya hau, ya tafi a hankali har ƙarshen layi, ya ja birki, ya juyo. Da ya sauka ya jingine keken ya koma kan buzunsa.

Ya ce, "Mai amalanken ya zo nan washegarin ranar. Ya gane keken tun kafin ka rufe shi da harawa. Ya zo ba ni haƙuri, na ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, tunda ba mutum ya taka ba mun gode Allah."

Na ɗago na kalle shi, abin da ban cika yi ba. Na ce, "Ashe kun sani, Baba."

Ya ce, "Na sani. Na so in aiko a ce maka kada ka damu, sai na ga in na aiko kunya za ta hana ka zuwa gidan nan. Na ce bari in bar ka ka zo da kanka. Ban dai zaci da ƙafa sabuwa za ka zo ba." Ya sake kallon keken. "Tsohuwar ma tana da ɗan tsalle in an ja birki, shekara da shekaru. Wannan babu."

Ya ce jibi Asabar in zo in ɗauka in ci gaba da zuwa makaranta. Na fara cewa a'a, ya ɗaga mini hannu ya tsayar da ni. Ya kira wani maƙwabcinsa da ke wucewa ya nuna masa ƙafar, ya ce surukinsa ne ya ɗaure, kuma bai taɓa koya ba. Ni dai ina durƙushe ina kallon ƙasa, ina jin kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Na sami mai babur da zai koma Sule Tankarkar ya rage mini hanya. Ina shiga gida matata ta taso daga bakin murhu tana duban fuskata. Na ba ta labari tun daga farko, da na zo wurin mai amalanke ta rufe baki da gefen mayafinta tana dariya har da hawaye, ta ce halin Baba ke nan. Ta tambaya ko na faɗa masa da hannunta a ciki, na ce na faɗa. Ta zubo mini tuwo da miyar kuka, na cinye na nemi ƙari, don tun safe ban sa komai a bakina ba.